Tiyatar Karayar Yara Ba Tare da Babban Yanka Ba: Jagora ga Iyaye Daga Ranar Faɗuwa Zuwa Ranar Cire Ƙarfe

Da zarar mangwaro ya fara nuna a garuruwan Kebbi, daga Yauri zuwa Zuru da Argungu, yara sukan cika rassan bishiyoyi, kuma ba a rasa waɗanda suke faɗowa. A sauran watanni, babur ɗin kabu-kabu, katanga, amalanke da filin ƙwallo su ne suke kawo yawancin karayar da ake gani. Iyaye da yawa sukan fara nufar mai ɗori, domin sun ɗauka cewa asibiti ba ya da abin yi sai farke gaɓa ko yanke ta. Wannan tsoro yana jinkirta magani, alhali kuwa a yau likitan ƙashi yana iya mayar da ƙashin yaro mazauninsa ya kuma kafe shi ta ƙananan huji a fata, ba tare da ya buɗe wurin da ya karye ba. Amfanin wannan hanya ya dogara sosai ga abin da iyaye suka yi kafin a isa asibiti da kuma bayan an sallamo yaro.

Wajibi ne a fara sanin cewa yawancin karayar yara ba ta buƙatar tiyata ko kaɗan. Ƙashin yaro kamar ɗanyen reshe yake, yakan lanƙwashe ko ya tsage ta gefe ɗaya kafin ya rabu biyu, kuma fatar da ta lulluɓe shi tana da kauri da yalwar jini, shi ya sa yake haɗewa da sauri. Ƙari a kan haka, ƙashin da ya haɗe da ɗan karkata yakan miƙe da kansa yayin da yaro yake girma, musamman idan yaron ƙarami ne kuma karayar tana kusa da wurin da ƙashi yake tsiro. Saboda haka karayar wuyan hannu da ta ƙashin wuya da ke gaban kafaɗa yawanci siminti ko rataya kawai suke buƙata. Amma wannan baiwa tana da iyaka: ƙashin da ya haɗe a murɗe ba ya warwarewa da girma, wanda ya karye zuwa cikin gaɓa ba ya daidaita kansa, kuma wasu wurare a jiki ba su da ƙarfin gyara kansu. A nan ne tiyata take shigowa.

Sa'o'in farko

Idan yaro ya faɗi kuma ya ƙi motsa hannu ko taka ƙafa, ko aka ga gaɓar ta kumbura ko ta sauya siffa, a ɗauka karaya ce har sai hoto ya nuna akasin haka. Kada a ja, kada a murza, kada kuma a gwada miƙe ta. A tallafe gaɓar a yadda aka same ta da kwali mai ƙarfi ko siririn katako da aka naɗe da zane, a ɗaure sakwa-sakwa ta yadda yatsa zai iya shiga ƙarƙashin ɗaurin, sannan a cire zobe, awarwaro ko guru kafin kumburi ya hana su fita. Idan akwai rauni a kan karayar, ko ƙashi ya huda fata, a rufe da tsabtataccen ƙyalle kawai, kada a zuba toka, garin magani, man ja ko ƙasa, kuma kada a tura ƙashin ciki. Irin wannan karaya tana buƙatar allurar kashe ƙwayoyin cuta da ta rigakafin cutar sandarewar jiki (tetanus) cikin gaggawa, da kuma wanke raunin a ɗakin tiyata.

Akwai wani abu da tausayi yake sa iyaye su yi wanda yake jawo jinkiri, wato ba yaro abinci ko shayi a hanya domin a lallashe shi. Likitan da ke sa barcin tiyata yana buƙatar cikin yaro ya zama babu abinci na kimanin sa'a 6, babu nonon uwa na sa'a 4, babu ruwa na kimanin sa'a 2, saboda kada amai ya koma huhu. Don haka a dakata da ciyarwa har likita ya gan shi, kuma a riƙe lokacin da ya ci abinci na ƙarshe. Ana iya ba shi farasitamol daidai da nauyinsa da ɗan kurɓin ruwa, amma kada a ba yaron da bai kai shekara 12 ba tiramadol ko kodin, domin suna iya danne numfashinsa.

Game da inda za a je, babban asibitin gari mafi kusa ya isa wurin farawa, inda za a ɗauki hoto, a rage zafi, a sa tallafi na wucin gadi. Daga nan, idan karayar ta goce, a nemi takardar turawa zuwa wurin da likitan ƙashi yake. A Birnin Kebbi akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya, wanda jama'a suka fi sani da FMC, da Asibitin Tunawa da Sir Yahaya. A Sakkwato akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. A Kano kuma akwai Asibitin Ƙashi na Ƙasa da ke Dala. Kafin a kama doguwar hanya, yana da kyau a bincika ta waya ko akwai likitan ƙashi a ranar, ko kuma na'urar hoto ta ɗakin tiyata tana aiki, domin wannan aiki a kanta ya dogara. Wanda yake da rajistar inshorar lafiya, ta tarayya ko ta KECHEMA, wato hukumar inshorar lafiya ta jihar Kebbi, ya tafi da katinsa ya tambayi abin da ta ɗauke masa.

Ina kira na musamman ga malaman tsangaya da na makarantun kwana da su lura da waɗannan matakai, domin yaron da iyayensa suke nesa shi ne ya fi saurin ɓoye ciwo, shi ne kuma aka fi kai wa asibiti a makare.

Gwiwar hannu, inda kuskure ya fi tsada

Karayar da ta fi kai yara ɗakin tiyata ita ce ta ƙashin damtse dab da gwiwar hannu, wadda ta fi samun 'yan shekara 5 zuwa 7 idan suka faɗi suka dogara da tafin hannu. Haɗarinta yana da fuska biyu. Ta farko ita ce babbar jijiyar jini da jijiyoyin motsi da ji suna wucewa ta gaban wurin, kuma bakin ƙashin da ya karye yana iya danne su ko ya ji musu rauni. Ta biyu ita ce kusan kashi 80 cikin 100 na tsawon ƙashin damtse daga wajen kafaɗa yake fitowa, kashi 20 kacal ne daga wajen gwiwar hannu, saboda haka idan ƙashin ya haɗe a karkace a nan, yawanci haka yaron zai girma da hannunsa a lanƙwashe zuwa ciki.

Idan aka ɗaure irin wannan hannu tamau da karan ɗori, kumburi ba ya samun wurin zuwa, matsin da ke cikin tsoka ya ƙaru har jini ya daina shiga, kuma cikin kimanin sa'a 6 zuwa 8 tsoka takan fara mutuwa. Likitan Jamus Richard von Volkmann ya bayyana wannan tun 1881, inda ya nuna yadda ɗauri mai tsauri yake barin hannu a ƙanƙance, yatsu a tanƙware har abada. Idan abin ya wuce haka sai gaɓa ta ruɓe, kuma a lokacin ne ake kai yaro asibiti, likita ya rasa abin yi sai yankewa domin ceton rai. Daga nan labari ya bazu cewa asibiti yanke hannu yake yi. Ban faɗi wannan domin raina masu ɗori ba, da yawansu sun gaji sana'ar kuma da niyyar taimako suke yi, amma ba su ganin cikin gaɓa, kuma karayar gwiwar hannun yaro ba ta cikin abin da ya kamata a gwada sa'a a kansa.

A ɗakin tiyata, bayan yaro ya yi barci, likita yakan ja hannun a hankali ya mayar da ƙashin mazauninsa daga waje, yana duba kowane mataki a fuskar na'urar hoto mai siffar harafin C wadda take nuna ƙashi nan take. Idan ya gamsu da zaman ƙashin, sai ya cusa siraran wayoyin ƙarfe biyu ko uku ta cikin fata, masu kaurin milimita 1.6 zuwa 2, su ratsa ɓangarorin biyu su riƙe su. Ana kiransu wayoyin Kirschner, da sunan likitan Jamus Martin Kirschner wanda ya fara amfani da su a 1909. Yawanci ta gefen waje na gwiwar ake shigar da su, domin ta gefen ciki akwai jijiyar da take zuwa ƙaramin yatsa. Ana lanƙwasa bakin wayoyin a bar su a wajen fata, a rufe da bandeji da rabin siminti. Sau da yawa ba a buƙatar ɗinki ko ƙarin jini, kuma yaro yana iya komawa gida cikin kwana ɗaya ko biyu. Bayan mako 3 zuwa 4, idan hoto ya nuna ƙashi ya kama, sai a zare wayoyin a ɗakin duba marasa lafiya cikin ɗan lokaci, galibi ba tare da an sake sa shi barci ba.

Akwai wata karaya a gefen waje na gwiwar hannu da take yaudara, domin kumburinta kaɗan ne kuma a hoto ƙaramar tsaga ce kawai ake gani, saboda mafi yawan ɓangaren guringuntsi ne da hoto ba ya nunawa. Idan ta goce fiye da milimita 2 tana buƙatar a kafe ta, idan kuma ba ta goce ba likita zai ce a dawo cikin mako guda a sake hoto. Kada a ɗauki wannan dawowa a matsayin ɓata kuɗi, domin irin wannan karaya tana iya zamewa a cikin siminti ta ƙi haɗewa gaba ɗaya.

Cinya da sauran dogayen ƙasusuwa

Ga dogayen ƙasusuwa ana amfani da siraran sandunan ƙarfe masu lanƙwasuwa da ake zurawa cikin ramin ɓargo. Likitocin yara na birnin Nansi a Faransa, cikinsu har da Jean-Paul Métaizeau da Jean Prévot, su ne suka inganta wannan dabara daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon na 1980. A karayar cinya, likita yakan yi ƙananan yanka biyu na santimita 2 zuwa 3 a gefe da gefe, sama da gwiwa kaɗan, yana kauce wa farantin tsiron ƙashi, wato guringuntsin da ke kusa da ƙarshen ƙashi inda tsawonsa yake ƙaruwa. Yakan zaɓi sanduna biyu masu kauri ɗaya, kowace kimanin kashi 40 cikin 100 na faɗin ramin ɓargo a inda ya fi matsewa, ya lanƙwasa su, ya zura su har su ƙetare karayar. Da yake kowace sanda tana tura bangon ƙashi ta ɓangarenta, ƙarfinsu yakan daidaita juna, ƙashi ya tsaya a miƙe amma da ɗan motsi ƙanƙani, kuma wannan ɗan motsi yana ƙarfafa fitowar sabon ƙashi. Jinin da ya taru a wurin karayar, wanda daga gare shi warkewa take farawa, ba a taɓa shi.

Wannan hanya ta fi dacewa da yaro mai shekara 5 zuwa 11 wanda nauyinsa bai wuce kimanin kilo 50 ba. Wanda bai kai shekara 5 ba yawanci simintin da ya kama ƙugu da ƙafa ya wadatar. Matashi mai nauyi, ko wanda ƙashinsa ya farfashe ko ya karye a doguwar murɗa, sandunan ba za su iya riƙe tsawon ƙashinsa ba, sai likita ya zaɓi farantin ƙarfe da ake zurawa a ƙarƙashin tsoka ta ƙananan yanka, ko sanda mai ƙarfi da aka ƙera don matasa. A ganina babban alherin sandunan ga iyali a nan shi ne lokaci: maimakon yaro ya shafe makonni a gadon asibiti an rataya wa ƙafarsa nauyi, uwa na jinya, uba ya bar gona ko kasuwa, ana iya sallamarsa cikin 'yan kwanaki. Duk da haka, ratayar nauyi da siminti hanya ce ingantacciya da take warkar da karaya, kuma idan ita ce ake da ita a inda kuke, ta fi ɗorin gida nesa ba kusa ba.

Haka ake yi wa ƙasusuwa biyu da ke tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu idan siminti ya kasa riƙe su, sanda ɗaya a kowane ƙashi, haka kuma ƙashin ƙwauri a wasu lokuta.

Kafin ku sa hannu a takardar amincewa, ku nemi a nuna muku hoton a bayyana muku inda ƙashin ya karye da dalilin da ya sa siminti kaɗai ba zai isa ba. Ku tambayi irin ƙarfen da za a sa, lokacin da za a cire shi, da jimillar kuɗi har da na cirewar, domin iyalai da dama sukan manta da wannan kashi na biyu. Ku sani kuma cewa wani lokaci tsoka takan shiga tsakanin ƙasusuwan ta hana su komawa, ko jijiyar jini ta buƙaci a duba ta, sai dole likita ya ɗan buɗe wurin. Wannan shawara ce da ake yankewa a lokacin aiki domin amfanin yaron. A naku ɓangaren, ku faɗi gaskiyar ranar da abin ya faru, ko an riga an je wajen mai ɗori, da abin da aka shafa ko aka sha. Ku sanar da likita idan yaron yana da sikila, asma, farfaɗiya, mura ko zazzaɓi a lokacin, ko kuma idan wani a dangi ya taɓa samun matsala da maganin barcin tiyata.

Bayan an dawo gida

Kwana biyu na farko su ne suka fi buƙatar ido. A ɗora gaɓar a kan matashin kai domin kumburi ya sauka, a riƙa sa yaro yana motsa yatsunsa, a duba launinsu da ɗuminsu sau da yawa, har cikin dare. Ƙaramin yaro ba ya iya kwatanta abin da yake ji, don haka alamar haɗari ta farko ita ce ciwo da yake ƙaruwa duk da an ba da magani, da rashin natsuwa da firgici da kukan da ba ya lallasuwa. Idan aka miƙe yatsunsa a hankali ya ƙwala ihu, ko yatsun suka yi sanyi, suka yi fari ko shuɗi, ko ya ce ba ya jin su, a koma asibiti a wannan sa'ar, ko da tsakar dare ne, kada a jira ranar da aka rubuta a kati.

Siminti da bandeji su kasance a bushe. A lokacin wanka a rufe da leda a ɗaure bakin, amma ya fi aminci a goge jikin yaro da jiƙaƙƙen tawul. Zafin bazara yana kawo ƙaiƙayi, kuma yara sukan cusa tsinke, kara ko biro a ciki, abin da yake iya yaga fata ko ya kai datti bakin wayoyin. Kada kowa ya buɗe bandejin domin ya ga ƙarfen, ko ya shafa masa man zafi ko wani magani. Wari, ruwa ko mugunya da ke ɓullowa ta cikin siminti, zazzaɓi, ko sabon ciwo bayan an samu sauƙi, duk dalilai ne na komawa wurin likita. Cutar da ta kama bakin waya tana jin magani idan an gan ta da wuri.

Ga wanda aka sa wa sanduna a cinya, matsalar da aka fi gani ita ce bakin sanda yana sukar fata kusa da gwiwa, yaro ya ƙi lanƙwasa ƙafa. Yawanci wannan yana gushewa da zarar an cire su, amma idan fata ta yi ja ko tana neman hujewa a nuna wa likita. Lokacin fara taka ƙafa ya danganta da irin karayar da abin da hoto ya nuna, saboda haka umarnin likitan da ya yi aikin za a bi, ko da yaron yana cewa ba ya jin komai. Ƙafar da ta karye a shekarun ƙuruciya takan ɗan fi ɗayar saurin girma na wani lokaci, sau da yawa da kimanin santimita 1, kuma likita zai riƙa auna tsawon ƙafafun a ziyarce-ziyarcen gaba.

Abinci na yau da kullum ya isa idan yana da abin gina jiki: wake, ƙwai, nono, kifi wanda Allah ya wadata Yauri da Argungu da shi, ganyaye irin su zogale, da ɗan zama a hantsi.

Bayan cire wayoyi, gwiwar hannu takan yi tauri na makonni, kuma a nan ne kakanni da maƙwabta sukan kawo shawarar a gasa da ruwan zafi, a murza da ƙarfi, ko a ba yaro bokitin ruwa ya ɗauka domin hannu ya miƙe. A guji wannan baki ɗaya, domin miƙewar dole tana iya sa ƙashi ya tsiro a cikin tsoka, gaɓar ta ƙara sandarewa. Yawancin yara suna dawo da motsinsu da kansu ta hanyar cin abinci, sa tufafi da wasa mai sauƙi, wanda kuma ya yi jinkiri likita zai tura shi sashen motsa gaɓoɓi na asibiti. Hawan bishiya, keke, kokawa da ƙwallo su jira sai an ba da izini.

Ƙarfen da ake sawa na titaniyam ne ko baƙin ƙarfe na musamman da ba ya tsatsa a jiki, ba ya cin ƙashi, ba ya jawo tsawa, kuma ba ya hana girma muddin an sa shi yadda ya dace. Sandunan cikin ɓargo yawanci ana cire su tsakanin wata 6 zuwa 12, ta wuraren da aka shigar da su, a ɗan gajeren aiki da ake sa yaro barci. Kada a matsa wa likita ya cire su da wuri, musamman na hannu, domin ƙashin wurin yana iya sake karyewa idan bai gama ƙwari ba. Kada kuma a yi watsi da su shekaru, domin sabon ƙashi yana iya binne bakinsu, cirewar ta yi wuya. Idan karayar ta taɓa farantin tsiron ƙashi, musamman na kusa da gwiwar ƙafa inda kusan kashi 70 cikin 100 na tsawon ƙashin cinya yake fitowa, likita zai so ya ci gaba da ganin yaron har shekara ɗaya ko biyu, saboda tsayawar girma a gefe ɗaya ba ta bayyana sai bayan watanni. A adana katin asibiti da dukan hotunan a wuri guda, a kuma ɗauke su a waya, a riƙa zuwa da su a kowace ziyara.